Filin Lambeau na Green Bay: tambayoyi da amsoshi kan tarihinsa da yadda ake tafiyar da shi

A arewacin jihar Wisconsin ta Amurka, a bakin wani lungu na tafkin Michigan, akwai gari mai suna Green Bay wanda mutanensa ba su wuce 107,000 da 'yan kai ba. A cikin wannan garin akwai filin wasa mai ɗaukar mutum 81,441. Wato in filin ya cika, kusan kashi uku cikin huɗu na adadin mutanen garin ne ke zaune a wuri guda. Sunansa Lambeau Field, gidan ƙungiyar Green Bay Packers ta gasar NFL. Ga amsoshin tambayoyin da mai son sanin wurin zai fi yi.

Wane irin wasa ake yi a filin?

Ƙwallon Amurka ne, ba irin ƙwallon ƙafar da muka sani ba. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake riƙe ta a gudu ko a jefa, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano da sulken kafaɗa saboda karo. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kai ƙwallo yankin da ke ƙarshen fili ta samu maki 6. Tsawon filin kusan mita 110 ne, faɗinsa kusan mita 49. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, kowacce tana buga wasa 17 a kaka, daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan a shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale har zuwa wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl.

Yaushe aka gina shi, kuma me ya jawo ginin?

An buɗe shi ranar 29 ga Satumba, 1957. A ranar Packers ta doke tsohuwar abokiyar hamayyarta Chicago Bears da ci 21 da 17, kuma Richard Nixon, wanda a lokacin mataimakin shugaban ƙasa ne, ya halarci bikin. Kuɗin ginin dala 960,000 ne, kujerunsa kuwa 32,000 da 'yan kai.

Tilas ce ta jawo ginin. Tun 1925 ƙungiyar ke wasa a wani tsohon fili na katako a bayan makarantar sakandare ta East High, wanda bai ɗaukar fiye da mutum 25,000, kuma ba shi da wadatattun banɗakuna ko ɗakunan canza kaya na kirki. Sauran ƙungiyoyi sun fara ƙorafin cewa zuwa Green Bay asara ce, domin kason da baƙo ke samu daga kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba. Magana ta kai ga cewa ko a gina sabon fili ko ƙungiyar ta koma Milwaukee, wani birni mai girma da ke kudu da nisan kusan kilomita 190. A watan Afrilun 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen gari suka amince da cin bashin ginin da rinjayen fiye da biyu bisa uku.

Abin da ya fi burge ni a wannan labarin shi ne George Halas, mai ƙungiyar Bears, babban abokin gabar Packers a fili, ya taso takanas daga Chicago ya zo gangami yana roƙon mutanen Green Bay su jefa ƙuri'ar amincewa. Ya san cewa in babu abokin karawa, kasuwar kowa ce za ta mutu.

Wane ne Lambeau da aka sa wa filin sunansa?

Earl Lambeau, wanda aka fi sani da Curly saboda nannaɗaɗɗen gashinsa, ɗan garin ne. Shi da wani ɗan jarida, George Whitney Calhoun, suka kafa ƙungiyar a 1919. Lambeau yana aiki a kamfanin Indian Packing Company mai zuba nama a gwangwani, ya nemi kamfanin ya ba shi dala 500 na sayen kayan wasa, daga nan ƙungiyar ta samo suna Packers, wato masu ɗaurin kaya. Ta shiga gasar ƙwararru a 1921. Lambeau ya yi ɗan wasa, ya yi koci, ya ci kofi shida: 1929, 1930, 1931, 1936, 1939 da 1944. Rabuwarsu da shugabannin ƙungiyar ba ta yi daɗi ba, ya bar ta a farkon 1950.

Ke nan bai taɓa jagorantar Packers a filin da ke ɗauke da sunansa ba. Shekara takwas na farko sunan filin City Stadium ne. Sai bayan rasuwarsa ranar 1 ga Yuni, 1965 aka sauya sunan a wannan shekarar. Titin da ke gaban filin kuwa sunan Vince Lombardi aka sa masa, kocin da ya zo a 1959 ya tarar da ƙungiya a ƙasa warwas, ya ci kofi biyar cikin shekara bakwai, har da Super Bowl na farko da na biyu. Adireshin filin 1265 Lombardi Avenue. Mutum-mutumin su biyun na tsaye a dandalin da ke ƙofar shiga.

Gaskiya ne shi ne fili mafi tsufa a gasar?

A wajen daɗewar ƙungiya guda tana wasa a wuri guda ba yankewa, shi ne. Soldier Field na Chicago ya girme shi a gini, tun 1924 aka buɗe shi, amma Bears ba ta koma can ba sai 1971.

Wa ya mallaki ƙungiyar, wa ya mallaki filin?

Nan ne gizo ke saƙar, domin duk abin da ya bambanta Lambeau da sauran filaye daga nan ya samo tushe.

Filin na hukuma ne: birnin Green Bay tare da wata hukumar kula da filin da aka kafa a gundumar Brown. Ƙungiyar haya take yi, ita ke tafiyar da shi kullum, ita ke gyara. Ƙungiyar kuwa ba ta da attajiri guda da zai ce tawa ce. Tun 1923 take a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba, mallakar masu hannun jari, waɗanda yanzu sun haura mutum 500,000. Sau shida aka taɓa sayar da hannun jarin: 1923, 1935, 1950, 1997, 2011 da 2021. A karon farko dala 5 ne kowane guda, a 1997 dala 200, a 2011 dala 250, a 2021 dala 300. Ukun farko an yi su ne don ceto ƙungiyar daga durƙushewa, ukun baya kuma don aikin filin.

Wannan hannun jari ba irin na kasuwa ba ne. Ba a raba riba, darajarsa ba ta hawa, ba a sayar wa wani, sai dai a mayar wa ƙungiya a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ko a ba ɗan uwa na jini. Ba ya ba mutum tikiti. Abin da mutum ke samu shi ne takardar shaida da zai maƙala a bango, da ƙuri'ar zaɓen 'yan kwamitin gudanarwa, da gayyatar taron shekara-shekara da ake yi a cikin filin a watan Yuli. Doka ta hana mutum ɗaya riƙe fiye da hannun jari 200,000, don kada wani ya mamaye. Kwamitin ne ke fitar da mutum bakwai masu zartarwa, cikinsu da shugaba. Mark Murphy ya riƙe wannan kujera har zuwa Yulin 2025, Ed Policy ya gaje shi.

Akwai masu cewa wannan takarda yaudara ce mai tsada, mutum ya ba da dala 300 a ba shi kwali. Ban yarda da su ba. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Dubi abin da ya faru da wasu garuruwan: Baltimore ta wayi gari a 1984 an kwashe Colts zuwa Indianapolis cikin dare, Cleveland ta rasa ƙungiyarta bayan kakar 1995, St. Louis da San Diego da Oakland duk sun ga tasu ta tafi inda kuɗi ya fi kauri. A Green Bay ba wanda zai ci ribar sayar da ƙungiyar, domin ƙa'idar kamfanin ta ce in an sayar, abin da ya rage gidauniyar agaji ta ƙungiyar za a ba. Hakan ya kashe kwaɗayin tun daga tushe. Hukumar NFL ta daɗe da haramta irin wannan mallaka ga kowa, Packers kawai aka ƙyale saboda ta riga dokar.

To ta yaya ƙaramin gari ke iya gogayya da New York da Los Angeles?

Ta hanyar rabon kuɗi daidai-wa-daida. Kuɗin da gidajen talabijin ke biyan NFL ana raba shi ne kashi 32, babba da ƙarami kowa kaso ɗaya, tsarin da aka kafa tun farkon shekarun 1960. A 'yan shekarun nan kason kowace ƙungiya ya haura dala miliyan 400 a shekara. Duniya ta san wannan adadi ne saboda Packers, domin ita kaɗai ce ke buɗe littafin kuɗinta ga jama'a duk shekara, sauran na masu zaman kansu ne. Ƙari a kan haka akwai iyakar albashi, ba ƙungiyar da aka yarda ta kashe fiye da wani adadi a kan 'yan wasa. Abin da ba a rabawa shi ne mafi yawan kuɗin da fili ke kawowa a gida, shi ya sa aikin filin ya zama batun rai da mutuwa ga ƙungiyar.

Yaya fili mai kujera 32,000 ya koma mai 81,000?

Kaɗan-kaɗan. An gina shi tun farko kamar kwano a cikin gangaren tudu, don haka ƙara layuka a sama bai yi wuya ba. A 1965 ya haura 50,000, a 1970 ya kai 56,000 da ɗoriya, a 1985 aka fara ɗakunan alfarma masu gilashi.

Babban aikin shi ne na 2001 zuwa 2003, wanda ya ci dala miliyan 295. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Bob Harlan, ya ga cewa sababbin filayen wasu birane suna kawo kuɗi duk shekara, nasu kuwa kwana goma kacal yake aiki. Ya bi gari-gari, gidan cin abinci zuwa ƙofar masana'anta, yana neman goyon baya. A Satumban 2000 mutanen gundumar Brown suka amince da ƙarin harajin saye na rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙuri'ar ba ta zo da sauƙi ba, kashi 53 ne suka amince, 47 suka ƙi. Ya kamata a faɗi wannan, domin ana yawan ba da labarin kamar kowa ya yi na'am. Kusan rabin masu ƙuri'a sun ga bai dace mai sayen takalmin yara ya biya kuɗin filin ƙwallo ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. An ci gaba da karɓar harajin har ƙarshen Satumban 2015. Masu tikitin kaka su ma an ɗora musu kuɗin kujera na sau ɗaya.

Hikimar aikin ita ce ba a taɓa kwanon asali ba. An kewaye shi da sabon gini na jan bulo da koren ƙarfe, aka ƙara wani katafaren zaure mai rufin gilashi a gefen gabas. A 2013 aka ɗaga ɓangaren kudu da kujeru kusan 7,000.

Me ya sa har yanzu benci ake zama a kai?

Mafi yawan 'yan kallo a kwanon asali a kan dogayen bencina na alminiyam suke zama, marasa majingina, kowa da lambarsa, faɗin wurin mutum kusan santimita 46. In an sa kujeru masu hannu, dubban wurare za su salwanta, kuma ba wanda zai yarda a ce nasa ne zai tafi. A watan Disamba, da kowa ya sha riguna biyar-biyar, zaman na zama na matsatsi, amma matsin ma ɗumi ne. Ana ba da hayar 'yar kujera mai majingina a ƙofa. Tsofaffin 'yan kallo kan zo da abin shimfiɗa a ƙarƙashin takalmi, saboda sanyin siminti ta tafin ƙafa yake shiga.

Mene ne labarin wasan ƙanƙara da ake yawan ambata?

Shi ne wasan da ake kira Ice Bowl, na ranar 31 ga Disamba, 1967, wasan cin kofin NFL tsakanin Packers da Dallas Cowboys. An fara shi sanyi na digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, ga iska mai yanka. Wanda ya san sanyin hunturun Jos ko na Agadas ya sani cewa wannan wata duniya ce daban: firizar gida ma ba ta kai wannan sanyi ba.

Lombardi ya sa an binne wayoyin lantarki a ƙarƙashin ciyawa kafin kakar, kan kuɗi dala 80,000, don kada ƙasa ta daskare. A ranar da aka fi bukatarsu ba su yi aikin ba. Tamfol ɗin da aka rufe filin da shi ya tara danshi, ana yaye shi danshin ya daskare, fili ya yi ta tauri har ya koma kamar dutse. Usur na ƙarfe ya manne a leɓen alƙalin wasa, da ya cire sai da fata, daga nan alƙalai suka koma tsayar da wasa da murya. 'Yan badujalar da aka gayyato ba su iya busa ba. 'Yan wasa da dama sanyi ya yi musu lahani a yatsu, wani dattijo ɗan kallo ya rasa ransa. Duk da haka mutum 50,861 ne suka zauna.

Saura daƙiƙa 16 a tashi, Dallas na gaba da 17 da 14, Packers na bakin layi, ba ta da sauran damar tsayar da agogo. Jagoran 'yan gaba, wato mai jefa ƙwallo ko miƙa ta ga masu gudu, Bart Starr, ya ga masu gudu santsi na kwashe su, sai ya riƙe ƙwallon da kansa ya kutsa ta bayan Jerry Kramer da Ken Bowman ya faɗa cikin yankin maki. Aka tashi 21 da 17. Tun daga nan ake yi wa filin laƙabi da Frozen Tundra, wato daskararren daji.

Yanzu yaya ake kula da ciyawar a irin wannan sanyi?

Ciyawa ce ta gaske, amma an ɗinke ta da zaren roba. Inji ne ke soka zaren cikin ƙasa layi-layi, saiwar ciyawa ta nannaɗe shi, don haka ko ƙartai masu nauyin kilo 140 sun yi turereniya ba ta tuɓewa. An fara wannan tsari a 2007, aka sabunta shi a 2018. A ƙarƙashi yashi ne mai tsotse ruwa da sauri. A 1997 aka cire wayoyin Lombardi aka shimfiɗa bututu masu tsawon gomman kilomita, ana tura ruwan ɗumi haɗe da maganin hana daskarewa a cikinsu. Manufar ba ta narkar da dusar ƙanƙara ba ce, ta hana ƙasa yin tauri ce.

Sai matsalar rana. Daga Oktoba yini na gajarta, dogon ginin kudu kuma na jefa inuwa. Shi ya sa ake turo manyan fitilu masu taya a jera su a kan ciyawa dare da rana, suna yi mata aikin hasken rana.

In dusar ƙanƙara ta rufe wurin zama fa?

Sai ƙungiya ta yi shela tana neman ɗaruruwan mutane. Jama'a su yi layi tun da sassafe, a ba kowa shebur, a biya shi kuɗin awa. Ana kwasar ƙanƙarar ana zubawa a wasu dogayen magudanai da ke gangarar da ita ƙasa, motoci su kwashe. Aikin gayya ne sak, sai dai na biya, kuma da yawa ba don kuɗin suke zuwa ba.

Me ya sa ba a yi masa rufi ba?

Maƙwabtansu na Minnesota da Detroit a rufaffen fili suke wasa. A Green Bay kuwa ana ɗaukar sanyin a matsayin ɗan wasa na goma sha biyu, musamman in baƙi daga Florida ko California suka zo a Disamba. Tun daga buɗe filin Packers ba ta taɓa faɗuwa wasan sili-ɗaya-ƙwale a cikinsa ba sai a Janairun 2003, da Atlanta Falcons ta doke ta 27 da 7. Amma sanyi ba ya zaɓen wanda zai kama. A Janairun 2008, cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, New York Giants ta zo ta fitar da su da 23 da 20 bayan ƙarin lokaci. Rashin rufi da ƙarancin otal su ne kuma suka sa ba a kawo Super Bowl garin.

Mene ne tsallen Lambeau?

Al'ada ce: ɗan wasan Packers in ya ci maki sai ya ruga ya daka tsalle ya haye katangar da ke bayan fili ya faɗa hannun magoya baya. LeRoy Butler ne ya fara, ranar 26 ga Disamba, 1993, a wasa da Los Angeles Raiders, bayan Reggie White ya tsinci ƙwallo ya miƙa masa. Ko da hukumar gasar ta tsananta dokar hana wuce gona da iri wajen murna, ta bar wannan. Katangar ta kai tsayin mutum, don haka masu jiki kan maƙale a rabi sai an jawo su.

Yaya ake samun tikiti?

Da wuya. Tun 1960 tikitin kaka ke ƙarewa, jerin masu jira ya haura suna 140,000, kuma kaɗan ne ke sakin nasu a shekara, domin an yarda mutum ya bar wa iyalinsa. Jira na kai shekara 30 ko fiye. Iyaye kan rubuta sunan jariri yana ɗan kwanaki a duniya. Ana sa tikiti a wasiyya, ana jayayya a kansa wajen rabuwar aure.

Tikitin kaka iri biyu ne, kore da ruwan zinariya. Dalili shi ne daga 1933 zuwa 1994 Packers na raba wasanninta na gida tsakanin Green Bay da Milwaukee. Da ta daina zuwa can, ba ta watsar da magoya bayan Milwaukee ba, ta ware musu wasu wasanni a Lambeau, su ne masu ruwan zinariya. Baƙo mai son wasa ɗaya yakan saya ne ta intanet daga masu sake sayar da nasu, farashi kuma ya danganta da abokin karawa da yanayin sanyi.

Yaya ranar wasa take?

Filin a tsakiyar unguwa yake, gidajen mutane na kallonsa ta tsallaken titi. Wurin ajiye motoci bai isa ba, don haka masu gidaje kan tsaya a bakin hanya da kwali a hannu suna kiran direbobi su ajiye a kan ciyawar ƙofar gidansu, su biya. Awa uku ko huɗu kafin wasa mutane ke buɗe bayan mota, su hura gawayi, su yi gashi, su ci tare da wanda suka sani da wanda ba su sani ba. Za ka ga wasu da hular soso mai siffar yankan cuku. Asalinta gori ne da mutanen Illinois ke yi wa 'yan Wisconsin, jihar madara da cuku, su kuma suka mayar da shi abin alfahari.

Musulmin da ya je ya lura: naman da aka fi gasawa a wurin, wanda ake kira bratwurst, galibi na alade ne, giya kuma ta yawaita. A ƙofa ana bincike da na'ura, ba a shiga da jaka sai mai shara-shara ko 'yar ƙarama, kuma da kati ake ciniki a ciki. Mai kallo daga Najeriya ko Nijar kuwa, wasan da aka fara da tsakar rana a can yana kamawa ƙarfe 6 na yamma a Satumba da Oktoba, ƙarfe 7 daga Nuwamba.

Sauran kwanakin shekara me ake yi da filin?

Wasa kusan goma ne a shekara, amma zauren gilashin a buɗe yake kusan kullum. A ciki akwai kantin kayan ƙungiya, gidan cin abinci, gidan tarihi mai ajiye da kofunan Super Bowl huɗu daga cikin kofuna 13 da ƙungiyar ta ci, da ɗakunan da ake haya don biki da taro. Ana zagayawa da baƙi, a bi da su ta ramin da 'yan wasa ke fitowa. A yammacin filin ƙungiyar ta sayi fili ta gina unguwar Titletown, aka buɗe a 2017, da otal, asibitin 'yan wasa, dandalin yara da tudun sulu na lokacin sanyi.

A ƙarshen Yuli ake fara atisayen share fage, kuma nan ake wata al'ada da ta samo asali tun zamanin Lombardi. Yara kan jeru da kekunansu a ƙofar ɗakin 'yan wasa, kowane ɗan wasa ya zaɓi keke ɗaya ya hau zuwa filin atisaye a tsallaken titi, yaron na gudu a gefensa riƙe da hular kwanonsa. Ƙato mai kilo 140 a kan keken ɗan shekara bakwai. A ganina ba abin da ya fi wannan nuna matsayin ƙungiyar a garin.

A Afrilun 2025 aka yi taron zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL a harabar filin, inda aka ƙiyasta mutum 600,000 sun halarta cikin kwana uku.

An taɓa buga ƙwallon ƙafa irin tamu a can?

An taɓa. Ranar 23 ga Yuli, 2022, Manchester City da Bayern Munich suka yi wasan sada zumunta a gaban mutum sama da 78,000. Tsawa da walƙiya suka kawo tsaiko har aka rage lokacin wasan. City ta ci 1 da nema, kuma Erling Haaland ne ya zura ƙwallon, a wasansa na farko da rigar ƙungiyar.

Akwai ɗan Najeriya da ya taɓa yin suna a filin?

Akwai. Kabeer Gbaja-Biamila, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, an haife shi a Los Angeles, ya yi wa Packers wasa daga 2000 zuwa 2008 a layin tsaro. Ya kayar da jagoran 'yan gaban abokan hamayya sau 74 da rabi, tarihin da ya riƙe a ƙungiyar har Clay Matthews ya wuce shi. An sa shi a gidan tarihin ƙungiyar a 2013.

Na kusa da gida shi ne Samkon Gado, haifaffen Kufai a jihar Gombe, wanda ya tafi Amurka yana yaro. Ba ƙungiyar da ta zaɓe shi bayan jami'a. A 2005 raunuka suka kwantar da masu gudun Packers ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauko shi daga 'yan jiran ko-ta-kwana, kafin a ankara ya zama abin magana a gari. A watan Disamba na wannan shekarar, a cikin Lambeau, ya yi gudun yadi 171 da ƙwallo a wasa da Detroit Lions, abin da wani sabon ɗan wasan Packers bai taɓa yi ba kafin shi. Da ya bar wasa ya koma makarantar likitanci, ya zama likitan kunne, hanci da maƙogwaro.